Daga Zanzibar zuwa Maldib: abin da iyali ke samu a otal-otal na alfarma

Da dogon hutun yara ya ƙarato, muka yanke shawara ni da uwargida cewa kuɗin da muka daɗe muna tarawa domin tafiya za mu kashe su a bakin Tekun Indiya, kuma za mu raba su tsakanin wurare biyu da masu shirya tafiye-tafiye ke sakawa a sahun gaba, wato tsibirin Zanzibar na ƙasar Tanzaniya da tsibiran Maldib. Tawagarmu ta haɗa da mahaifiyata Hajiya, wadda gwiwoyinta ba sa jure doguwar tafiya a ƙasa, da babbar 'yarmu da ta shiga sakandare, da ƙaninta, da auta wanda bai kai shekara biyar ba. Na jero su ne saboda su suka zame mini ma'aunin da na auna kowane otal da shi. Hotunan da otal-otal ɗin ke sakawa a intanet kusan duk iri ɗaya ne: farin rairayi, shuɗin ruwa, bishiyar kwakwa ta sunkuyo. Hoto kuwa ba ya nuna matakala nawa dattijuwa za ta sauka kafin ta taɓa rairayin nan, ko zurfin ruwan da ke gaban ɗakin yaro, ko nisan da ke tsakanin gado da likita idan dare ya raba.

Mun nemi bizar Tanzaniya ta intanet tun da sauran lokaci, muka tanadi katin rigakafin cutar shawara, sannan muka sayi inshorar da hukumomin Zanzibar suka wajabta wa kowane baƙo tun daga ranar 1 ga Oktoban 2024. Dala 44 ce ga babban mutum, daga kamfanin inshora na gwamnatin tsibirin ake sayenta, kuma ko da mutum yana riƙe da wata inshorar sai ya saye ta. A watan Agusta muka tashi, muka sauya jirgi a Adis Ababa, muka sauka a filin jirgin sama na Abeid Amani Karume, inda aka duba biza da shaidar inshorar kafin a buga mana hatimi.

Motar otal ta kwashe mu zuwa Kendwa, a ƙuryar arewacin Unguja, wato babban tsibirin Zanzibar, tafiyar kimanin kilomita 60 da ta ci mana awa ɗaya da rabi. A hannun hagu ake tuƙi. Mun ratsa Bububu da Mahonda, tsakanin gonakin ayaba da rake da manyan bishiyoyin mangwaro, muna kauce wa motocin haya da ake kira daladala, masu tsayawa duk inda fasinja ya ɗaga hannu. 'Yan sandan hanya masu fararen kaya sun tsayar da mu a shinge, suka duba lasin direba da takardar izininsa ta ɗaukar baƙi, suka leƙo suka gai da Hajiya, suka ɗaga mana hannu.

Otal na farko babba ne, irin wanda aka gina domin iyalai, ɗakunansa sun haura ɗari, an baza su a cikin lambu a kan tudu. An ba mu ɗakuna biyu da ƙofa ta haɗa su ta ciki, abin da ya fi mini kowane ado muhimmanci, domin Hajiya da 'yarmu sun kwana a ɗaya, mu da ƙananan a ɗayan, ba tare da wani ya fita baranda da dare ba. Kowane gado yana da gidan sauro, kuma da magariba ma'aikata suna shigowa su sauke shi su fesa magani. Matsalar wurin ita ce tudun. Daga ɗaki zuwa bakin teku sai an bi doguwar matakala, kuma ranar farko Hajiya ta tsaya a tsakiyarta tana riƙe da ƙarfe ta ce mini, "Ku je kawai, ni a nan ma ina hango ruwan." Na yi wa masu kula da baƙi bayani, daga nan kullum sai ƙaramar mota mai batir ta zo ta ɗauke ta ta wata zagayayyiyar hanya har gindin rumfa. Ba su taɓa nuna gajiya ba, kuma tun ban sake tunatar da su ba suka riƙe lokacin da take son fita.

Abin da ya ɗaukaka Kendwa da maƙwabciyarta Nungwi a kan sauran gaɓar tsibirin shi ne teku ba ya janyewa da nisa a wurin. Ƙasan ruwan yana gangarawa da sauri, saboda haka ko teku ya cika ko ya janye, akwai ruwan iyo a kusa, daga safe har faɗuwar rana. Ga yaran da suka iya ruwa wannan ni'ima ce, amma ga auta sai da na tsaya a kansa, domin taku kaɗan ne tsakanin ruwan da ke iya gwiwarsa da wanda zai shanye kansa. Yawancin lokacinsa a ƙaramin tafkin yara ya yi shi, inda mai tsaro ke zaune da usur a wuya. Akwai kuma sashen kula da yara, da mata ma'aikata masu koya musu zane da saƙa da ganyen kwakwa, kuma ba a sallamar yaro sai ga wanda ya sa hannu lokacin kawo shi. Da yamma jiragen ruwa na katako masu filafilai, waɗanda har yau ake sassaƙa su da hannu a Nungwi, suna gittawa a gaban rana, kuma tun da gaɓar tana fuskantar yamma, babu wanda ke bukatar barin kujerarsa domin kallon faɗuwarta.

Tsarin biyan kuɗin a dunƙule yake: ɗaki da abinci sau uku da abin sha duk a farashi ɗaya, ana ɗaura wa mutum zare a hannu domin shaida. Ga mai yara wannan kwanciyar hankali ce, domin ba sai ya riƙa lissafi duk lokacin da yaro ya ce yana jin yunwa ba. Abincin a jere yake, kowa ya ɗebi abin da yake so, akwai shinkafar pilau mai kanumfari da kirfa, da gasasshen kifi, da jatan lande, da wata halittar teku mai hannuwa takwas da suke kira pweza, wadda ake dafawa da madarar kwakwa. Da na tambayi shugaban masu dafa abinci game da naman, ya fito da kansa ya tabbatar mini yankan Musulmi ne, abin da ba shi da wuya a tsibirin da mafi rinjayen mutanensa Musulmi ne. Sai dai akwai abin da ya kamata iyalin da ba sa shan giya su sani: wani kaso na wannan farashi na dunƙule kuɗin giya ne, kuma ko an sha ko ba a sha ba an riga an biya. Ina ganin adalci shi ne otal-otal su ware farashi na dabam ga marasa sha, kuma ya dace mutum ya tambaya kafin ya biya, domin wasu suna da irin wannan tsari ko da ba su tallata shi ba.

Abu biyu ne suka rage wa wurin daraja a idona. Na farko hayaniya: bayan abincin dare ana kiɗa da rawa a dandalin otal, daga can gefen gaɓa kuma ana jiyo wani kiɗan har tsakar dare, domin an san Kendwa da shagulgulan dare, musamman idan wata ya cika. Na biyu shi ne bakin tekun na kowa ne, ba mallakar otal ba, saboda haka da zarar mutum ya wuce igiyar da ta kewaye kujerun baƙi, samari masu tallar yawon jirgin ruwa da 'yan ƙabilar Masai masu sayar da duwatsun wuya za su tare shi. Ban ga laifinsu ba, abincinsu suke nema a ƙasarsu, kuma idan aka ce musu a'a cikin mutunci suna wucewa, amma wanda ya biya kuɗi mai yawa domin ya kaɗaita ba zai samu abin da ya zo nema a nan ba.

Daga arewa muka gangara zuwa gabas maso kudu, muka tsaya a dajin Jozani, inda yara suka ga jajayen biran da ba a samun irinsu sai a Zanzibar, suna cin ganye a reshen da bai fi taku biyar daga gare mu ba. Daga garin Paje muka karkata zuwa Bwejuu, a gaɓar gabas.

Otal na biyu ƙarami ne, kuma kuɗinsa ya kusa ninka na farko. Babu ɗakuna a jere, sai gidaje masu zaman kansu, kowanne da falo da tsakar gida da ɗan tafkin iyo da katanga ta kewaye. An yi ginin da salon Larabawan Oman da Suwahilawa, da ƙofofin katako masu sassaƙa da fitilun tagulla, kuma komai a shimfiɗe yake a ƙasa ɗaya, ta yadda Hajiya ta riƙa takawa da sandarta har bakin rairayi ba tare da taimakon kowa ba. An haɗa mu da hadimi guda wanda ke kula da gidanmu, kuma tun kafin mu tambaya ya nuna mana alƙibla ya kawo dardumai. Katangar nan ita ce babbar ribar da muka samu. A otal na farko uwargida da 'yarmu ba su shiga ruwa ba sai da sassafe kafin jama'a su fito, a nan kuwa sun yi iyo a duk lokacin da suka ga dama, babu idon kowa a kansu. Uwargida ta ce da ni, "Abban yara, a nan ne na san na zo hutu." Duk magidancin da ke auna farashin irin wannan gida ya sa wannan a cikin lissafinsa, domin idan ba haka ba zai biya wa mata kuɗin teku su dawo ba su jiƙa ƙafa ba.

Washegari da hantsi muka fito da shirin iyo, sai muka tarar teku ya tafi. Inda jiya ruwa ke dukan gindin rumfa ya zama fili fetal na farin rairayi da ƙananan kududdufai, kwalekwale suna kwance a gefe guda a kan ƙasa, sai can nesa, abin da ya kai kilomita ko fiye, ake hango farin kumfa inda igiyar ruwa ke karyewa a kan duwatsun murjani. Haka gaɓar gabas take tun daga Matemwe har Jambiani. Duwatsun murjanin sun yi wa gaɓar shinge, tsakaninsu da tudu kuma ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya marar zurfi, saboda haka idan teku ya janye sai ya bar ta a buɗe. Sau biyu yake cika sau biyu yake janyewa a yini da kwana, kullum lokacin yana jinkirta da kusan minti 50, kuma janyewar ta fi tsanani a farkon wata da tsakiyarsa. Otal ɗin yana rubuta lokutan a allo kowace safiya, da su ake tsara yini: iyo idan ya cika, yawo idan ya janye.

Da farko yaran sun ɓata rai, amma kafin azahar wannan fili ya zame musu abin da suka fi so a tafiyar gaba ɗaya. An ba kowa takalmin roba, saboda akwai wata baƙar halitta mai dogayen ƙayoyi da ke laɓewa a cikin ramukan dutse, wadda idan aka taka ta ƙayar ke karyewa a cikin tafin ƙafa. Wani ma'aikaci ya yi mana jagora, yana ɗaga duwatsu yana nuna wa yara ƙaguwa da ƙananan kifaye da kifin tauraro, yana mayar da kowanne inda ya same shi. A tsakiyar filin muka iske mata zaune cikin ruwa iya ƙugu, da zannuwansu da mayafansu, suna ɗaura 'yan rassan ciyawar teku a jikin igiyoyin da aka ja tsakanin turaku. Tun wajen 1989 aka fara wannan noma a Zanzibar da irin da aka kawo daga Filifin, mata ne suka fi yin sa, ana shanya ciyawar a sayar wa 'yan kasuwa, a fitar da ita waje inda ake tatsar wani sinadari mai kauri da ake sakawa a abinci da man goge baki. Hajiya ta sa aka kawo mata kujera har wurin, ta zauna suna hira da wata dattijuwa, jagoran yana fassara. Matar ta nuna mata tafin hannunta da gishiri ya tsattsage, ta ce zafin ruwan da ke ƙaruwa yana kashe musu shuka. Bayanmu kaɗan ga gidajen da kuɗin kwana ɗaya a cikinsu ya fi abin da take samu a watanni. Na daɗe ina tunanin wannan, kuma shi ya sa na sayi sabulun da ƙungiyar matan ke haɗawa da ciyawar a hannunsu kai tsaye.

Inda otal ɗin ya gaza ga mai yara shi ne teburin dare. Abinci ne da ake kawowa kashi-kashi, kwano bayan kwano, ana ɗaukar kusan awa biyu, ga kyandir, ga ma'aurata suna magana ƙasa-ƙasa. Auta bai kai kwano na biyu ba ya fara zamewa daga kujera, mu kuma muka kasa sakin jiki saboda kada mu dami mutane. Daga ranar sai aka riƙa kawo wa yara nasu a gida da wuri. An yi mana hakan da fara'a, amma a fili yake cewa domin manya aka tsara wurin, yara kuwa karɓarsu kawai ake yi, kuma wasu otal-otal na wannan gaɓa ba sa ma karɓar yaro sam.

Kafin mu bar tsibirin mun yi yammaci guda a tsohon birnin Zanzibar, wanda hukumar UNESCO ta sanya cikin wuraren tarihi na duniya a shekarar 2000. Mun bi lungunansa, muka sayi kanumfari da masoro da shilin Tanzaniya, muka yi sallar magariba a wani ƙaramin masallaci, sannan muka sha ruwan rake da citta da lemun tsami a dandalin Forodhani. Wannan damar ta fita daga ƙofar otal a shiga gari, a ci abinci mai araha, a ga yadda mutane ke rayuwa, ban san girmanta ba sai da muka isa inda babu ita.

Ta Doha muka bi zuwa Maldib, muka sauka a filin jirgin Velana da ke tsibirin Hulhule, kusa da Male babban birnin ƙasar. Ana ba da bizar kwana 30 kyauta a filin jirgi, bayan an cike takardar shiga ta intanet da ake kira IMUGA cikin awa 96 kafin isowa, kuma doka ta hana shigo da giya da naman alade a cikin kaya. Ƙasar tsibirai ce kusan 1,190, yawancinsu tudunsu na asali bai kai mita 3 ba, kuma tun da aka buɗe otal na farko a Kurumba a 1972 tsarinsu shi ne otal ɗaya ya mallaki tsibiri ɗaya. Namu yana yankin Baa, kuma da jirgin sama mai sauka a kan ruwa aka kai mu can. Kuɗin wannan jirgi dabam yake da na ɗaki, dala ɗaruruwa ne a kan kowane mutum, ana auna kaya da tsanani, kuma ba ya tashi sai da hasken rana, saboda haka wanda ya sauka da yamma liƙis sai ya kwana a kusa da filin jirgi. Mun yi sa'o'i muna jira saboda hadari, domin Agusta lokacin iska da ruwan sama ne a can, alhali a Zanzibar lokacin rani ne mai sanyi-sanyi.

Jirgin ƙarami ne, bai ɗauki mutum ashirin ba, matuƙansa da gajeren wando babu takalmi, ƙarar injinsa kuma sai da aka raba mana abin toshe kunne. Daga sama tsibiran suna bayyana zobe-zobe, kore a tsakiya, fari a gefe, sannan ruwa mai haske da ke rikiɗa zuwa shuɗi mai duhu, kuma ban taɓa ganin abin da ya kai wannan kyau ba. Saukar ce ta yi wuya. Jirgin ya tsaya a jikin wani dandamalin katako da ke yawo a kan ruwa, daga nan ake tsallakawa cikin kwalekwale mai inji, igiyar ruwa tana ɗaga ɗaya tana sauke ɗaya. Ma'aikata biyu suka riƙe Hajiya ta kowane gefe, ni ina rungume da auta, tana ta ambaton Allah har ta zauna. Babu wanda ya faɗa mana wannan lokacin da muke biyan kuɗi, kuma duk mai tafiya da tsoho ya kamata ya tambayi yadda ake sauka, ko ya zaɓi otal na kusa da Male wanda jirgin ruwa ke kaiwa har bakin gada.

Tsibirin ana zagaye shi da ƙafa cikin minti ashirin, babu mota, babu mai talla, babu kiɗa, agogonsa ma an tura shi gaba da awa ɗaya a kan na Male domin yamma ta yi tsawo. Gidajen da aka fi sani su ne waɗanda aka kafa a kan turaku a cikin ruwa, da matakala mai sauka kai tsaye cikin teku da gilashi a daɓe ana kallon kifi. Mun shiga ɗaya mun gani, kuma ga ango da amarya ko dattawan da suka aurar da 'ya'yansu babu kamarsa. Amma barandarsa ba ta da shinge, doguwar gadar katakon da ke kaiwa can ma haka, shi ya sa otal-otal da yawa ba sa barin ƙananan yara su kwana a ciki, ko kuma sai iyaye sun sa hannu cewa sun ɗauki alhaki. Mun zauna a gidan bakin rairayi, wanda bishiyoyi suka rufe ta kowane gefe. Ruwan gabansa a kwance yake, garai-garai, 'ya'yan kifin shak marasa cutarwa suna gittawa a inda bai wuce idon sawu ba, kuma iyo kaɗan ne zuwa duwatsun murjani, inda manyan yaran suka sa tabarau da bututun numfashi suka ga kunkuru da kifaye masu launi iri-iri. Wani ɓangaren murjanin ya yi fari ya mutu, jagoran ya ce tun zafin ruwan 2016 bai gama farfaɗowa ba. An kai mu mashigin Hanifaru, a yankin da UNESCO ta keɓe a 2011, inda manyan kifayen manta ke taruwa a wannan lokaci na shekara, suna shawagi a ƙarƙashinmu da baki buɗe, faɗin kowanne ya fi tsawon mutum. 'Yarmu ta fito daga ruwan tana rawar jiki saboda murna.

Wani dare auta ya tashi da zazzaɓi mai zafi da ciwon kunne. Cikin minti goma likitan tsibirin ya iso a kan keke da jakarsa, ya duba shi, ya ba shi magani, ya ce ruwa ne ya shige masa kunne, kuma ya kwantar mana da hankali cewa Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar tun 2015 babu zazzaɓin cizon sauro a Maldib. Na tambaye shi abin da za a yi idan jikin ya tsananta. Ya ce sai a bi da jirgin ruwa cikin duhu zuwa asibitin yankin a Eydhafushi, manyan asibitoci kuwa suna Male. Na zauna a bakin gado har asuba ina jin iska tana kaɗa rufi, ina tuna cewa a Zanzibar, duk nisan otal, mota ce kawai tsakaninmu da asibiti. Da gari ya waye zazzaɓin ya sauka, alhamdulillahi, amma daga daren na daina kallon keɓewar tsibirin a matsayin alheri zalla.

Ranar Juma'a na bi wani ma'aikaci zuwa tsakiyar tsibirin, bayan wani shinge da baƙi ba sa ƙetarewa. A can ne injinan wuta suke, da na'urar da ke tace ruwan teku ya zama na sha, da ɗakunan kwanan ma'aikata, da masallacinsu. Na yi sallah a sahu ɗaya da 'yan ƙasar da 'yan Bangaladash da Sirilanka da Indiya, waɗanda yawancinsu ke yin watanni ba su ga iyalinsu ba. A nan na fahimci dalilin tsadar wurin: ban da kifin tuna da kwakwa, kusan komai shigo da shi ake yi ta jirgi, daga tumatir har man injin. Abincin ƙasar da muka fi so shi ne mas huni, wato tuna da aka marmasa da kwakwa da albasa da barkono, ana ci da siririyar gurasa da safe. A wurin cin abinci akwai naman alade domin baƙi, an ware shi gefe da rubutu a kansa, kuma ya kamata a nuna wa yara tun ranar farko.

Mun biya kuɗin ɗaki da karin kumallo da abincin dare ne kawai, saboda haka abincin rana da abin sha da yawon jirgin ruwa duk a kan lissafi suke, kuma babu wani shago ko gidan abinci da za a koma idan farashin bai yi wa mutum ba. A kan kowane farashi ana ɗora kashi 10 cikin ɗari na hidima, wanda doka ta ce a raba wa ma'aikata, sannan a ɗora harajin yawon buɗe ido, wanda ya koma kashi 17 daga watan Yulin 2025, ta yadda abin da aka rubuta dala 100 yake zama kusan dala 129. Ban da wannan akwai harajin muhalli, dala 12 a kan kowane mutum a kowane dare tun farkon 2025, in ban da yaran da ba su kai shekara biyu ba. Ga mutum biyu ana iya jure wannan, amma ga iyali mai mutum shida kowane kofin lemo sau shida ake lissafa shi, kuma kwanakin da muka yi a Maldib, duk da sun fi kaɗan, sun ci fiye da abin da otal biyun Zanzibar suka ci a haɗe.

Da daddare aka turo takarda ta ƙarƙashin ƙofa cewa jirginmu zai tashi da sassafe, ko da yake jirgin Doha sai da yamma, domin kamfanin jiragen ne ke tsara lokaci ba baƙo ba. Sa'o'in da suka rage mun yi su a Male, muka tsallaka gadar Sinamale da aka buɗe a 2018, muka ziyarci tsohon masallacin Juma'a da aka gina da dutsen murjani a 1658. A ɗakin jira na tambayi kowa inda zai so komawa. Manyan yaran suka ce Maldib saboda kifayen manta, auta ya ce wurin ƙaguwa, uwargida ta zaɓi gidan Bwejuu mai katanga, Hajiya kuma ta ce duk inda mota ke zuwa har ƙofa. Ni dai idan da yara da tsofaffi zan sake tafiya, gabashin Zanzibar zan nufa, in nemi gida mai katanga a shimfiɗaɗɗen wuri, in duba jadawalin cikar teku kafin in zaɓi ranaku, Maldib kuwa sai auta ya iya ruwa.